Fili Namu, Ɗorawa Ta Iya Kande

Tun da muka dawo ban huta ba. In na je coci, tambaya. In na je niƙa, tambaya. Har mai gyaran takalmi na bakin layinmu a Romi ya tare ni, wai yana so ya ji ko da gaske ne mun tafi mu huɗu mun dawo mu uku. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san mu ba, mu tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne na Kakuri. A gaban inji muka ƙare ƙuruciyarmu, muna cin abinci a kwano ɗaya, yaranmu suna wasa a tsakar gida ɗaya. Da aka rufe masaƙa kowa ya kama gabansa, wasu Romi, wasu Unguwar Boro, wasu Makera. Sai a biki ko jana'iza muke haɗuwa, kuma a 'yan shekarun nan jana'izar ta fi yawa. A wajen wata jana'izar ma maganar ta taso: me zai hana mu haɗa ɗan abin da ke hannunmu mu sayi fili a ƙauye, kowa ya yi ɗan ɗakinsa, rijiya ɗaya, gona ɗaya, murhu ɗaya, wanda ya kwanta ciwo ya sami mai miƙa masa ruwa? Muka sa wa abin suna Gandu. Daga nan muka shiga miting, wata bayan wata, ana shan lemo ana watsewa.

Jummai ce ta tashe mu daga shan lemon nan. Ƙawata ce tun muna 'yan mata a sashen zare. Mijinta ya rasu, tana haya a Trikania, sai mai gidan ya sayar, sabon mai shi ya ce kowa ya fita kafin ruwa ya sauka. Ɗanta Bitrus da ke Legas ya ce shi ke nan, ƙarshen wata zai zo ya ɗauke ta. Yaron kirki ne, wannan kam ba wanda zai musa. Amma Jummai ta taɓa zuwa ta yi masa wata biyu, ta dawo a rame, ta ce min a bene take wuni ita da talabijin, ko sunan maƙwabci ɗaya ba ta sani ba. Don haka ta ce masa tana da wurin zuwa, Gandunmu ya kusa. Shi kuma ya ce to, ta nuna masa filin, in babu ta haɗa kaya. Kun ji abin da ya fitar da mu a tsakiyar zafin bazara, lokacin da duk mai hankali ke neman inuwa.

Mu huɗu aka wakilta. Ni Ladi, da Jummai, da Oga Yohanna wanda shi ne ciyaman ɗinmu, tsohon foman, har yau in ya yi tari sai mu gyara zama. Sai Malam Sani na Makera, direban masaƙa a da, yanzu yana da tsohuwar bas tasa ta kansa, kuma shi ma yana cikin Gandu da iyalinsa.

Da sassafe muka haɗu a Sabon Tasha. Ina isa na ga an ɗaure wasu kaya a saman mota: naɗin waya mai ƙaya, da damin turaku, da wani allon ƙarfe sabo fil, an rubuta masa da jan fenti rubutun nan na Turanci da ke kowane lungu na Kaduna, mai cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne. Na ce wa Oga ai ko filin ba mu gani ba tukuna. Ya dube ni ta saman gilashi ya ce ban san fili ba. Kuma ban ja da shi ba, don kowa ya san labarinsa. Ya taɓa sayen fili a Unguwar Boro, ya tafi gida Kirsimeti, ya dawo ya tarar wani ya zuba fandisho a ciki, shi ma da takardunsa. Gashin kan Oga a kotu ya ƙare. Mu mutanen Kaduna haka muka tashi: ka sayi fili da safe, ka kewaye shi kafin azahar, godiya ga Allah ta biyo baya.

Kafin a tayar da mota Oga ya yi addu'a, doguwa, har ya haɗa da gwamnati. Malam Sani ya yi tasa a taƙaice. Muka shafa duka biyun, don hanyar Kachia ba wadda ake raina wa addu'a ba ce.

Shingen sojoji kuwa mun sha shi. A ɗaya daga ciki wani soja ya zagaya motar, ya daɗe yana kallon wayar nan, sannan ya leƙo ta taga ya tambayi Jummai ina zuwa. Ta ce masa neman wurin tsufa za mu. Ya yi dariya har bindigarsa na rawa, ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji, ya ce don Allah in mun samu mu ajiye masa ɗaki ɗaya kusa da kicin. Muka ba shi mangwaron da muka saya a Kasuwan Magani, ya ɗage mana sanda.

Bayan mun wuce Idon motar ta fara huci. Malam Sani ya gangara gefe, ya buɗe wajen injin, ya miƙa hannu baya yana cewa a ba shi ruwa. Jarkoki biyu ne a motar iri ɗaya, ɗaya ruwa, ɗaya kunun zaƙin da na kwana ina tacewa. Oga ya miƙa masa tawa. Allah Ya taimaka ƙamshin citta ya bugi hancin Malam kafin ya zuba da yawa, amma dai motar ta ɗanɗana. Daga nan har Kachia ba ta sake huci ba, kuma har yau Malam Sani na tsokanata wai in ba shi sirrin haɗin.

A Kachia wani dillali ke jiranmu, wanda ɗan'uwan wani ya haɗa mu da shi. Mutum ne mai waya biyu, kowace a kunne ɗaya, kuma duk wanda ya wuce sai ya kira shi ranka ya daɗe. Ya fara kai mu wani fili shimfiɗaɗɗe, kore shar a wannan zafin, abin sha'awa. Har Oga ya fara auna shi da taku. Sai Malam Sani ya zagaya bayan wani kurmi don ya kama ruwa, ya dawo yana tambayar dillali na wane ne kwale-kwalen da ke kife a can. Dillali ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce ai na ba shanu dusa ne. Malam ya ce to shanun da filafili suke ci? Muka koma mota. Fili na biyu da ya kai mu dutse ne zalla, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau, shi kuwa yana ta yabonsa wai nan ruwa ba ya kwanciya. Muka ba shi na mota, muka yi sallama da mutunci.

A wata rumfa kusa da buhunan citta muka zauna cin abinci. Na dubi Jummai na ga tuwon ba ya wucewa, juya shi kawai take yi a miya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Can sai ita da kanta ta tuna da wani fasto da ya taɓa zama a cocinmu na Romi, aka mayar da shi wani ƙauye gaba da Kachia. Muka nemo lambarsa, ya ɗauka, ya ce mu taho, ko ba fili akwai tuwo. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, don na san ku, gobe sai ku cika shi.

Daga kwalta muka sauka kan burji, daga burji muka koma wata hanya da ban san sunan da zan ba ta ba. A bakin wani rafi muka tarar da gadar katako, da igiya a gicciye, da 'yan sintiri zaune a inuwa. Nan ce iyakar ƙauyen. Ba su nemi komai ba sai sunan wanda muka zo wurinsa, amma sun ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, mota ta haye ita kaɗai. Malam Sani ya ce ya gode da aka tuna da ran kowa ban da nasa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gaisuwa. A Romi ina kan acaɓa nake ɗaga wa mutum hannu, an gama. A can kuwa kowa sai ya ajiye abin da ke kansa, ya tambayi gida, da gajiya, da zafi, da mutanen Kaduna gaba ɗayansu. Fasto ya ce kafin mu ajiye jaka sai mun je mun gai da mai unguwa, kuma ya ja mana kunne kada wanda ya ambaci fili. Baƙo ba ya maganar abin da ya kawo shi sai ya sha ruwan gari ya kwana. Oga ya zauna a gaban mai unguwa maganar na cin sa a baki, sai gyaran murya yake yi, ni kuma ina taka masa ƙafa.

Ni da Jummai aka ba mu ɗakin da matar fasto ke ajiye masara. Akwai kaza mai kwanci a ƙarƙashin gadon, aka ce mu yi haƙuri da ita, ta riga mu zuwa. Malam Sani kuwa kafin ya buɗe baki an wanke masa buta, an shimfiɗa masa tabarma a wani ɗaki mai tsabta, an nuna masa gabas, an kuma kawo masa zakara da wuƙa an ce shi zai yanka don kowa ya ci. Tuwon acca aka yi mana da miyar karkashi. Miyar nan, jama'a, daddawar cikinta ta tuna min da kakata. Mu da muka saba da dunƙulen kanti har mun manta yadda miya take. Jummai da ba ta iya cin tuwo a Kachia ba, sai ga ta tana neman ƙari.

Washegari mai unguwa da kansa ya tambaye mu abin da ke tafe da mu. Oga ya yi bayani. Dattawan suka yi ta mamaki, wai su 'ya'yansu na gudu birni, ga tsofaffin birni suna gudowa ƙauye. Wani mai suna Ishaya ya ce yana da gona da ta fi ƙarfinsa, yaransa duk sun tafi, in muna so mu je mu gani.

Ba zan ɓata muku lokaci da kwatance ba. Ƙasa ce mai kyau, ta ɗan gangara zuwa rafi, ba kwale-kwale ko ɗaya, don Malam Sani ya duba. Wata 'yar hanya ta ratsa ta tsakiya. A gefen hanyar akwai manyan itatuwan ɗorawa, sun yi 'ya'ya har rassan na rinjaya. Jummai ta je gindin babbar ta zauna, ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa. Ban tambaye ta komai ba, na riga na gani a fuskarta. Nan take muka fara gini da baki: nan zauren taro a inuwa, can rijiya, can kicin, Malam Sani ya zaɓi inda zai yi ɗan masallacinsa, Oga ya ce shi kusa da get yake so.

Da yamma aka zagaya iyaka da mu, da Ishaya, da maƙwabtan gonar ta kowane gefe. A kowace kusurwa sai a karyo reshen bini-da-zugu a soke a ƙasa, maƙwabci ya ce ya gani. Shi ke nan wai an yi iyaka. Oga ya raɗa min cewa wannan ko ɗan akuya ya tuge shi. Aka daidaita a kan komai, aka ce gobe da la'asar a taru a ƙofar mai unguwa a sa hannu a takarda, a yi musafaha.

Gari na wayewa Oga ya tashe mu. Ya ce tsakanin yanzu da la'asar wani mai kuɗi na iya fitowa daga Abuja, shi ya ga irin haka da idonsa. Jummai ta tsaya taya matar fasto aiki, mu uku muka sauke kaya muka nufi fili. Wayar ba za ta kewaye gonar duka ba, don haka Oga ya ce a kewaye abin da ya fi daraja. Muka ja ta ta zagaye itatuwan, ta tsallake 'yar hanyar nan. Ni ke riƙe turke, Malam na bugawa. A ƙarshe Oga ya ɗauko allonsa ya kafa shi da ƙusa a jikin babbar ɗorawar, ya ja baya yana kallo, ya ce yanzu ne hankalinsa ya kwanta.

Bai gama rufe baki ba muka ji hayaniyar mata. Sun taho a jere ta hanyar, wasu da tulu za su rafi, wasu da dogayen gora masu ƙugiya da manyan kwanduna. A gabansu wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba. Suka iso waya suka tsaya. Tsohuwar ta taɓa ƙayar da yatsa, ta ɗaga kai ta dubi allon, ta tambayi Malam Sani da Hausar da ta fi tawa me aka rubuta. Malam ya ce an rubuta ba na sayarwa ba ne.

"Gaskiya ne," in ji ta. "To wa ya huda min itace don ya gaya min abin da na sani?"

Ita ce Iya Kande, matar yayan baban Ishaya. Ba ta ɗaga murya ba, ta juya kawai, matan suka bi ta. Ko rafin ba su je ba, duk suka nufi ƙofar mai unguwa, mu kuma muna biye kamar yaran da aka kama a gonar rake.

A can aka warware mana abin da ba wanda ya gaya mana. A garin nan in an sayar da gona, ƙasa aka sayar. Ɗorawa da kaɗanya ba sa bin ciniki, suna nan a hannun gidan da ya gaje su. Waɗannan kuwa surukar Iya Kande ce ta ba ta su tun tana amarya, da su ta yi daddawar da ta ciyar da 'ya'yanta, kuma daddawarta muka ci a gidan fasto. Hanyar rafi ma ta kowa ce, ba a taɓa tare ta ba. Oga ya tambayi Ishaya me ya sa bai faɗa ba. Ishaya ya buɗe hannu ya ce shi bai taɓa jin inda aka sayar da itacen tsohuwa ba, ta ina zai san abin faɗa ne? Shi ma ya tambayi Oga me ya sa bai tambaya ba. Oga ya ce shi bai taɓa jin inda aka sayi fili aka bar abin da ke kansa ba. Kowa a cikinsu da gaskiyarsa, kuma kowa na ganin ɗayan bai da lafiya.

Mai unguwa ya ce ba a yi fushi da mu ba, baƙo ba ya sanin komai. Amma magana ɗaya ce. In za mu zauna da itatuwan Iya Kande da hanyar rafi yadda muka same su, ga fili. In kuwa sai da katanga, to Allah Ya ba mu a wani gari, kuma mu ci abinci kafin mu tafi.

Muka koma gidan fasto muka rufe ƙofa. Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauki Oga Yohanna mugu. Amanar mutane ce a wuyansa, guminsu na shekaru. Ya ce da wane baki zai koma Kaduna ya ce ya sayo musu filin da kowa zai ratsa, da itatuwan da wata za ta shigo ta girba? Yau kwando ne, gobe jikokinta su ce har inuwar tasu ce. Ni ma rabin zuciyata na tare da shi. Malam Sani ya ce mutanen Makera ma tambayar da za su yi ke nan. Oga ya ce mu haƙura, mu sake fitowa bayan damina mu nemi wani. Amma kowa ya san bayan damina Jummai na Legas.

Ita kuwa tun da aka fara tana zaune a kan buhun masara. Jummai ba mai magana a taro ba ce, shekara da shekaru ni ke yi mata. Sai ga shi ta ɗago.

"Oga, ni fa ba katanga na fito nema ba. Katanga tana can tana jirana, da get, da maigadi. Wata biyu na yi a cikinta, ba wanda ya taɓa wucewa ta gabana ya ce min sannu. Yanzu ka ce min kullum da safe mata za su bi ta ƙofar ɗakina su tafi rafi, su dawo ta nan, kuma wai wannan ne aibin wurin?"

Oga ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ni hawaye ne suka cika min ido, don na san nauyin da maganar ta yi mata kafin ta fito. Can Oga ya juya ya tambayi Malam Sani ko akwai filaya a mota.

Kafin ya taɓa ƙusa sai da ya hau wani suri a bayan coci, wurin da kaɗai ake samun sabis, ya kira 'yan Gandu ɗaya bayan ɗaya. Muna jiyo shi daga ƙasa yana faɗa da su da irin muryar da yake mana a masaƙa, yana kare abin da ɗazu shi ne ke ƙinsa. An yi gunaguni, amma an yarda, bisa sharaɗin a rubuta komai a fili: ƙasa tamu, itatuwa na Iya Kande, hanya ta kowa, kuma safiyo mai awon fili zai zo ya kafa ginshiƙin siminti a kusurwoyi, a kai takarda ƙaramar hukuma. Mai unguwa ya ce ginshiƙi ba ya tare kowa, mu kafa, amma kusa da bini-da-zugun, kada a tuge shi.

Da la'asar rabin gari ya biyo mu kallo. Oga ya naɗe hannun riga ya zare ƙusoshin da kansa, ya zo gaban Iya Kande ya durƙusa, foman guda, ya ce ta yafe masa. Ta bar shi a durƙushe ta je ta ɗebo laka ta shafe ramukan ƙusar tsaf, sannan ta dawo ta ce ya tashi, gwiwarsa ba ta yaro ba ce. Aka ce mu ba da akuya da goro na ban haƙuri, muka bayar, Malam Sani ya yanka, gari ya ci. Allon kuwa Iya Kande ta ce a bar mata, ya yi daidai da shanyar daddawa. Oga ya so ya ce wani abu, na sake taka masa ƙafa.

Ana cikin sa hannu na nemi Jummai na rasa. Ashe tana gindin ɗorawa, ta ɗaure zani a ƙugu, ta karɓi gora tana fizgo 'ya'yan, bakinta duk ya yi rawaya da garin, matan na yi mata dariya tana rama musu. Daga nan ta bi su gidan Iya Kande ɓare kalwa. Sai da aka aika kafin ta dawo cin abinci.

Ranar komawa mun gama ɗaure kaya, mota na ɗumi, sai ga Jummai ta taho da Iya Kande, hannunta ba jaka. Ta ce min 'ya'yan Iya duk sun yi aure a nesa, ɗaki na nan a rufe, ga kalwa ta taru ba hannu. Iya ta ce ta zauna wurinta har a yi mata nata ɗakin. Na ce mata ta haukace ne, ko man shafawa ba ta zo da na kirki ba. Ta ce akwai man kaɗe. Ta ja ni muka hau surin nan, ta ce in kira mata Bitrus ta yadda zai gani da idonsa.

Na juya masa waya ya ga filin. Ya tambayi ina gidan, ta ce za a gina. Ya tambayi ina katanga, ta fashe da dariya har ta kasa magana, matan da ke ƙasa suka kama, ta dinga ba shi labarin Oga da allo tana haki. Ya saurara har ta gama. Sannan ya ce ta ba ni.

"Mama Ladi," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "tun da Baba ya rasu ban ji ta yi irin wannan dariyar ba."

Na ce masa ni ma haka. Sai ya ce ƙarshen wata yana nan zuwa kamar yadda ya faɗa, amma in tambayar masa Oga kwanon rufi nawa ɗaki ɗaya ke ci.

Da muka sauko ta kwance makullin ɗakinta daga bakin zani ta damƙa min. Ta ce in kwaso mata babbar tukunya da Littafinta da hoton mijinta, sauran in raba wa mabukata. Na yi murna, Allah Ya sani, amma na yi fushi kuma. Tun muna 'yan mata, in ban da zamanta na Legas, ni da ita ba mu taɓa yin mako ba mu ga juna ba, ga shi ta sallame ni a bakin mota tana leƙen ko tukunyar kalwa ta tafasa. Na yi kuka daga gadar katako har Kachia. Oga da Malam suka yi ta hirar farashin siminti da ƙarfi, wai don kada in ji kunya.

To, kun ji yadda aka yi muka dawo mu uku. Satin da ya wuce na je Trikania na buɗe ɗakinta, na raba na rabawa, na ɗaure tukunya da sauran saƙonta, Malam Sani zai kai. Na dawo Romi da yamma na zauna a ƙofar ɗakina, katangar maƙwabci a gabana, ta wani a bayana. Igiyar da na yi ɗaurin ta yi saura a jakata. Na tashi na shiga ciki na fara sauke nawa tukwanen ina ɗaurewa.